BAƘIN CIKIN RASHI: YAUSHE ZA A KAI MUTUM ASIBITI?

Mutanen ƙasar Batsari da Safana sun sha rashi a hannun ɓarayin dajin Rugu. Cikin watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum wajen 30 a Tsauwa da Dankar. Irin wannan mutuwar fuju'a ta fi nauyi a zuciya.

Ku sani, baƙin ciki ba cuta ba ne. Likitoci sun bincika, sun tarar galibin waɗanda aka yi wa rasuwa sukan dangana a hankali, da taimakon dangi da maƙwabta da malamai. Su waɗannan, zama da ma'aikacin lafiya ba ya ƙara musu kome sosai.

Amma akwai wanda abin ke kamawa ya ƙi saki. In ya wuce wata 6 yana hana mutum harkokinsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lasafta shi cikin cututtuka. Wannan shi ne shawarar ma'aikaci ke yi wa amfani ƙwarai.

Maigida, lura da waɗannan alamu:

1. Rashin barci da ƙin abinci, har rama ta bayyana.
2. Barin gona, ko sana'a, ko kula da yara.
3. Gudun mutane, da zancen mamaci dare da rana.

In ka ga haka, kada ka ce masa rashin tawakkali ne. Kawo shi ɗakin shan magani. Za mu zauna mu saurare shi, ba sau ɗaya ba, kuma asirinsa a rufe. In abin ya fi ƙarfinmu, sai mu aika da shi babban asibiti a Katsina.

Wanda ya ce gara ya mutu ya huta, kada a jira wata 6. A kawo shi ran nan, kada kuma a bar shi shi kaɗai.