Allurar da aka yi wa saniya ba a jikinta take ƙarewa ba

Dattawan Unguwar Tudu da na ƙauyukan Gwarzo da Kabo ba su manta lokacin da ungulu ke cika mayanka ranar kasuwa ba, har mahauta na korarsu da sanda. Yau yaro sai ya girma bai ga ko ɗaya ba. A Najeriya, babban abin da ya cinye su shi ne farautarsu don tsibbu da gubar da ake zuba wa mushe. Tun 2015 aka sa irin ungulun da aka saba gani a garuruwanmu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Sai dai mai wannan rubutu, wanda aikinsa duba lafiyar dabbobi ne, yana ganin wata barazanar a cikin jakar makiyaya. Saniya ta yi ɗingishi, sai a je kyamis a ce "a ba ni na ciwon jiki", a zuƙa a sirinji, a soka mata. Sau da yawa kwalbar diclofenac ce, wadda aka yi don mutane. Idan saniyar ba ta tashi ba, a ja ta bayan gari a yar.

Indiya ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. Daga shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka riƙa faɗowa matattu, har wasu jinsuna uku suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari. Sai a 2004 bincike a Pakistan ya gano dalili: ungulun da ta ci naman dabbar da aka yi wa diclofenac kwanaki kaɗan kafin ta mutu, ƙodarta ke lalacewa. Da mushe ya rasa mai cinyewa, karnukan bola suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka haramta maganin ga dabbobi, aka koma meloxicam, wanda ke yin aikin ba tare da kashe ungulu ba. Shi ya kamata makiyayi ya nema, bisa shawarar likita.

Akwai kuma buzuzu, wanda ba mai kula da shi. Ivermectin, allurar tsutsa da kaska da kusan kowace ruga ta sani, yana fitowa cikin kashin shanu da sauran ƙarfinsa, ya kashe tsutsar ƙwarin da ke tona kashin suna binne shi. A Ingila an nuna haka tun 1987: kashin maruƙan da aka ba maganin ya daɗe a fili bai ruɓe ba. Manomin da ya roƙi Bafulatani ya kwana da garke a gonarsa don taki, asarar tasa ce. Shi ya sa yi wa garke duka allura ba ciwo ba dalili, don kawai damina ta kawo jiki, ɓarnar kuɗi ce da ta ƙasa.

Kayan kwalliya ma da tasu ɓarnar. Wasu mayuka da sabulan bilicin na ɗauke da zaiba. Ruwan wanka ya bi lambatu zuwa rafi, ruwan sama ya kai shi madatsu irin na Guzuguzu da Magaga, zaibar ta taru a jikin tarwaɗa da karfasa, ta wuce zuwa tsuntsun da ya ci kifin, da mai gidan da ya saya.

Dabbar da ta mutu tana kan magani, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne ta. Kwalaben allura da maganin da ya lalace, a tara su a kai wa ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma, kada a ɗauraye sirinji a mashayar shanu.