DARASI NA 14: HAYAƘIN DA YA RUFE BIRNIN LANDAN

Landan shi ne babban birnin Ingila. Gari ne mai yawan jama'a da ma'aikatu. Ƙasar tana da sanyi ƙwarai. A dā mutanen Landan da kwal su ke jin ɗumi. Kwal wani baƙin dutse ne mai cin wuta, irin wanda aka yi ta haƙowa a Inugu domin jirgin ƙasa. Ko wane gida yana da murhu da bututun hayaƙi a bisa rufi. Ma'aikatu da gidajen wutar lantarki su ma kwal su ke ƙonawa dare da rana.

Mutanen garin sun saba da hayaƙi. Ya kan ɓata musu tufafi da bango, amma ba su ɗauke shi abin tsoro ba.

A watan Disamba na 1952 aka yi sanyi mai tsanani. Kowa ya ƙara kwal a murhu. Ran Jumma'a, 5 ga wata, iska ta tsaya cik. Iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta hau bisanta ta danne ta, kamar yadda faifai ya ke rufe ƙwarya. Hayaƙi ya rasa hanyar tashi sama. Ya gauraya da hazo, ya zama baƙi-baƙi, rawaya-rawaya, mai wari.

Rana ta zama kamar dare. A wasu unguwanni mutum ba ya ganin ƙafarsa. Motocin haya suka tsaya, har da motocin asibiti. Marar lafiya sai ya nemi hanyar asibiti da kansa. Hayaƙi ya shiga ɗakuna, har aka tashi 'yan kallo a gidajen wasa. A wurin nunin dabbobi, wasu shanu suka shaƙe suka mutu.

Cikin kwal akwai farar wuta. In ta ƙone ta haɗu da laimar iska, sai ta zama guba mai cin huhu. Mutane suka yi ta tari, numfashi ya gagara. Waɗanda suka fi shan wuya su ne tsofaffi, da jarirai, da masu fuka ko ciwon zuciya.

Ran Talata, 9 ga wata, iska ta taso ta kore hazon. Sa'an nan aka ƙidaya mamata. Aka tarar mutum wajen 4,000 sun mutu, ban da waɗanda a kan rasa kullum. Daga baya masana suka sāke lissafi, suka haɗa da waɗanda suka mutu cikin watannin da suka biyo, suka ce sun kai wajen 12,000.

Jama'a suka yi kuka. A 1956 Majalisar Ingila ta kafa dokar tsabtace iska. Aka ba hukumomin gari ikon hana ƙona abu mai hayaƙi a unguwanni. Gwamnati ta taimaki masu gidaje da kuɗi domin su sāke murhu. Da yawa suka koma ga gas da lantarki. A 1962 hazon ya komo, amma ɓarnarsa ba ta kai ta farko ba ko kusa.

To, jama'a, ku lura. Hayaƙi ba ya ɓacewa don ya fita daga gidanka. In bai sami hanya ba, cikin ƙirjin mutane zai shiga. Abin da ya sami Landan yana iya samun ɗaki guda. Lokacin hunturu kada ku rufe ƙofa da taga ku kwana da wuta ko garwashi. Mata su yi girki inda iska ke ratsawa, a kuma nisanta jariri daga murhu. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Da me mutanen Landan su ke jin ɗumi a dā?
2. Me ya hana hayaƙi tashi sama?
3. Su wane ne suka fi shan wuya?
4. A wace shekara aka kafa dokar?

A rubuta a allo: hayaƙi, huhu, hazo, murhu, doka.