Darasin Ada: Yadda Ake Fitar da Ƙunshin Uwa da na 'Ya Daga Mazubi

Ada yaren kwamfuta ne da Ma'aikatar Tsaron Amurka ta sa aka ƙirƙira, an kuma sa masa sunan Ada Lovelace. Har yau ana rubuta manhajojin jiragen sama da na ƙasa da shi. A darasinmu na yau za mu warware wani wuri da yake yawan rikita masu koyo.

A Ada, package ƙunshi ne na umarni. Idan ka rubuta generic a samansa, ya zama mazubi, kamar na buga bulo. Ba a gini da mazubi, sai da bulon da ya fito daga cikinsa. Tun daga Ada 95 ƙunshi yana iya samun 'ya, kuma doka ce: idan uwa mazubi ce, 'yarta ma dole ta zama mazubi.

Ga uwar, a fayil jaka.ads:

generic
   type Abu is private;
package Jaka is
   procedure Saka (X : Abu);
end Jaka;

Ga 'yar, a fayil jaka-nuni.ads:

generic
package Jaka.Nuni is
   procedure Nuna (X : Abu);
end Jaka.Nuni;

Ka lura 'yar ba ta sake bayyana Abu ba, domin tana ganin na uwarta. Kowannensu yana buƙatar gangar jikinsa a fayil mai ƙarewa da .adb.

Yanzu sai fitarwa:

with Jaka;
with Jaka.Nuni;
procedure Gwaji is
   package Lambobi is new Jaka (Integer);
   package Nunin_Lambobi is new Lambobi.Nuni;
begin
   Nunin_Lambobi.Nuna (5);
end Gwaji;

A nan ne mutane suke tuntuɓe. Da yawa sukan rubuta new Jaka.Nuni, sai GNAT, manhajar da take fassara Ada, ta ƙi karɓa. Dalili kuwa shi ne, Jaka har yanzu mazubi ce, ba a san ko Abu lamba ne ko harafi ba. A cikin Lambobi kuwa an riga an tsayar da shi a matsayin Integer, shi ya sa ake ciro 'yar ta wannan hanya.

Abu biyu za ka riƙe. Ka fara fitar da uwa kafin 'ya. Kada kuma ka manta da layin with Jaka.Nuni, in ba haka ba Lambobi.Nuni ba za ta bayyana ba.

Aikin gida: ka sake fitar da Jaka da Character, ka ciro mata tata 'yar, ka ga ko za ta karɓi lamba 5.