Awon Da'ira: Jan Hankali Ga Malamai Da Iyayen Yara

Jama'ar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kowa ya dubi cikin gidansa. Rumbu zagayayye ne, haka rijiya, haka faifai da bakin tukunya da ƙafar keke. Amma tambayi yaron da ya gama firamare tsawon igiyar da za ta kewaye rumbun ubansa, sai ya yi zuru. An ba shi 22 bisa 7 ya haddace, ya zuba a jarrabawa, ya fito ya manta. Laifin ba nasa ba ne, an ba shi amsa tun bai san tambayar ba.

Ga yadda abin yake. Kowace da'ira, babba ko ƙarama, in ka auna faɗinta ta tsakiya, daga baki zuwa baki, sa'an nan ka auna kewayenta, za ka tarar kewayen ya yi faɗin nan sau uku, da ɗoriyar kamar kashi ɗaya cikin bakwai. Wannan uku da ɗoriya shi masana ke kira fai, suna rubuta shi da harafin Girkanci π. Ba wani ya ƙaga shi ba, haka Allah ya yi da'ira. Masu ɗinkin hula sun daɗe suna aiki da shi ko ba su san sunansa ba: hula mai lamba 22 kewayenta inci 22 ne, faɗin samanta kuwa inci 7.

Mutanen da sun sha wahala kafin su kama ɗoriyar nan. Arkimidas, wani Bagirke na tsibirin Sisili, ya nuna fiye da shekara 2,200 da suka wuce cewa fai bai kai 22 bisa 7 ba, amma ya ɗara 223 bisa 71. Alkawarizmi na Bagadaza ya kawo 3.1416 a littafinsa na aljabara. A 1424 Alkashi na Samarkandi ya fitar da lamba 16 bayan ɗigo, da hannu, ba na'ura. Daga baya aka tabbatar lambobin ba su da iyaka. Kada kuma wani ya ce lissafi baƙo ne a ƙasar Katsina: Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, malaman Masar ma sun san shi da ilmin lissafi.

To, malam, ga shawara. Ranar wannan darasi ka ajiye alli tukuna. Sa yara su zo da faifai, murfin bokiti, gwangwanin madara, tsohuwar tayar keke. Kowa ya zagaya nasa da zare, ya yanke, ya shimfiɗa zaren bisa faɗin abin. Faɗin zai shiga zaren sau uku, guntu ya rage. Mai gwangwani ya ga guntu, mai taya ma ya gani. Bari su yi gardama a kai, su zargi juna da kuskuren awo. Sai gardama ta yi zafi za ka gaya musu sunan abin da suka gano, don gani ya kori ji.

Manya ma da nasu rabon. Mai kewaye rumbu mai faɗin mita 3.5, in ya ninka da uku kawai zai sayi igiya mita 10.5, alhali mita 11 ake bukata. Wannan hasara kaɗan ce. Babbar tana wajen cikin da'ira, wanda ake samu in an ninka rabin faɗi da kansa, a ninka da fai. Rijiyar da ta ninka wata faɗi, ƙasar da za a kwashe daga cikinta ninki huɗu ce, ba biyu ba, in zurfinsu ɗaya. Nan ne mai gida da mahaƙi ke ɓatawa bayan an gama ciniki. Haka tankin ruwa: mai faɗin mita 1.4 da tsayin mita 1 yana cin lita 1,540, wato jarka 77 masu lita 20.

Iyaye, in yaro ya dawo ya ce malam ya ce a zo da faifai, kada a kore shi a ce wasa ne. A ba shi, a haɗa masa da zare.