DUTSEN DA YA BUƊE RUBUTUN FIR'AUNA



Mutanen Masar na zamanin fir'auna suna da nasu rubutu. Baƙaƙensu hotuna ne: tsuntsu, maciji, ido, ƙafa. Sannu a hankali, waɗanda suka iya karanta shi suka ƙare. Ga rubutu jikin bango, amma ya zama bebe har fiye da shekara 1400.

A shekara ta 1799, sojan Faransa suka tsinci wani dutse a garin Rashid, cikin Masar. An sassaƙa magana guda a kansa har sau uku: biyu da rubutun Masar, ɗaya da Girkanci. Girkanci kuwa malamai sun san shi. Wani Bafaranshe, Shampoliyon, ya dinga gwada sunayen sarakuna, baƙi da baƙi. A 1822 ya gane hotuna da yawa sauti ne, kamar baƙaƙenmu.

Rubutu ba ya magana sai da mai karatu. Wasiƙar ɗanka da takardar awon gyaɗarka ma haka suke. Kada ka fasa zuwa karatu.

Tambaya: mi ya sa rubutun Masar ya zama bebe?