Yadda A Ke Koya Wa Kare Zama Shi Kaɗai

Yau a filinmu na kimiyya za mu yi magana a kan wani ciwo da kan kama karnukan gida a Turai da Amurka, watau tsoron kaɗaici.

A ƙasar Hausa kare na gadi ne ko na farauta, a waje ya ke kwana, kuma da wuya gida ya rasa mutane. A Ingila kuwa cikin ɗaki ya ke zaune tare da ubangidansa, in za a tafi aiki sai a kulle ƙofa a bar shi. Wani karen kan yi barcinsa. Wani kuwa sai ya ruɗe, ya yi ta haushi da kai da kawowa, yana haki, ya karce ƙofa har ƙafarsa ta yi jini, ya yi fitsari a ɗaki ko da ya ke an hore shi. Yawanci abin kan fara cikin minti 30 na farko. Maƙwabta su kai ƙara, wani lokaci har mai shi ya gaji ya rabu da shi. Maganar ta ƙara tashi bayan 2020, sa'ad da annobar korona ta tsare mutane a gida, da yawa suka sayi 'yan kwikwiyo, suka girma ba su taɓa ganin gida ba kowa ba.

To, in mai gida ya komo ya tarar da ɓarna, sai ya ce karen ramuwa ya yi, ga shi nan ma ya sunkuyar da kai don ya san laifinsa. Masana sun ce ba haka ba ne. Cikin 2009 wata masaniya a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada, ta ga karnuka sun fi yin wannan sunkuye in an yi musu faɗa, ko sun yi laifi ko ba su yi ba. Watau fushin ubangidansu su ke tsoro. Saboda haka duka ba ya maganin wannan ciwo, sai dai ya ɗora tsoro a kan tsoro.

Maganin ya samo asali daga aikin mutum biyu. Na fari shi ne Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya sami kyautar Nobel cikin 1904. Shi ya nuna cewa in kare ya saba jin wata ƙara kafin a ba shi abinci, daga baya ƙarar kaɗai ta isa ta sa yawunsa ya zubo. Haka tsoro ya ke. Kare ya lura kullum in ubangidansa ya sa takalmi, ya ɗauki makulli, to, kaɗaici na tafe, sai ya fara rawar jiki tun ba a fita ba. Na biyu shi ne Joseph Wolpe, likita daga Afirka ta Kudu, wanda cikin 1958 ya bayyana yadda a kan kawar da tsoro ta hanyar gabatar da abin tsoron kaɗan kaɗan, gwargwadon da mai ciwon zai iya ɗauka hankalinsa a kwance.

Ga yadda a ke yi. Da fari sai mai gida ya riƙa ɗaukar makulli sau da yawa a yini, ya ajiye, ya koma ya zauna, har makulli ya daina zama alamar kome. Sa'an nan ya je bakin ƙofa ya komo. Bayan wannan ya fita na daƙiƙa biyar, gobe goma, sannu a hankali har minti ɗaya, har biyar. Ya bar masa wani abin tauna da ya ke so, ya kuma fita ya shigo ba tare da doguwar sallama ko murna mai yawa ba. Babbar ƙa'ida ita ce a komo kafin kare ya firgita. In ya firgita, an yi gaggawa ke nan, sai a koma baya a rage lokacin. Yau mutane kan ajiye wayar hannu tana ɗaukar hoton karen, don su ga halin da ya ke ciki bayan sun fita.

Wahalar aikin ita ce, muddin ana wannan horo ba a so a bar karen shi kaɗai fiye da yadda ya iya, don yini guda na firgita kan rushe aikin kwanaki. Sai a nemi ɗan'uwa ko maƙwabci ya zauna da shi. Abin kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, amma sannu ba ta hana zuwa. In ciwon ya yi tsanani, likitan dabbobi kan haɗa da magani mai kwantar da hankali, irin su clomipramine ko fluoxetine. Magani kuwa taimako ne ga horo, ba ya maye gurbinsa. Ko lafiyayyen kare ma, ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Ingila, RSPCA, wadda aka kafa cikin 1824, ta ba da shawara kada a bar shi shi kaɗai fiye da awa huɗu.