Ƙarar Gidan Reno Ba Ta Ƙarewa a Zauren Mai Unguwa

Iyaye a Gaya da Ajingi, in kun kai ƙarar gidan renon yara marar rajista, kada ku tsaya ga mai unguwa. Ku rubuta koke zuwa sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma da Ma'aikatar Mata a Kano, ku dinga bibiya, domin tun 2023 jihar tana da dokar kare yara. Rashin bibiya yana da haɗari: gidan marin Rigasa a Kaduna ya daɗe yana aiki kafin 'yan sanda su kuɓutar da fiye da mutum 300 a 2019. Za a ce rufe gidan renon zai bar ma'aikaciya ba mai riƙe mata ɗa. Gaskiya ne, don haka mai reno tsakani da Allah a ba ta wa'adin yin rajista. Inda kuwa aka ga tabon duka ko yunwa, a kwashe yaran a ranar.